Akuya Ta Ƙi Hawa

Motar da Auta ya gada a wurin mahaifinsa ta girme shi. Doguwa ce mai manyan tayoyi, irin wadda ƙafafunta huɗu duka ke ja, launinta kuwa tsakanin kore da toka, ba wanda zai iya rantsewa. Akuya ake ce mata, don babu dutsen da ba ta hawa. Marigayi ya yi shekara da shekaru yana kai mutane da kaya ƙauyukan kan tudu da ita, kuma har ya bar duniya bai taɓa yarda wani ya buɗe mata bonet ba. Shi ne direba, shi ne makanike.

Da ta dawo hannun Auta, sai ya ce lokaci ya yi da tsohuwa za ta yi kwalliya. Ya wanke inji tas, ya canza kujeru, ya cire duk wani tarkace da ya ga ba shi da kyan gani. Ya shiga jigilar kaya a cikin gari, inda titi yake shimfiɗe kamar tabarma, Akuya kuwa ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Ana cikin haka saƙo ya sauko daga kan tudu. Inna, yayar Ummansa, tana kwance, jiki ya yi tsanani, kuma ba ta da magana sai ta ƙanwarta. Ruwan sama ya riga ya zaizaye hanyar, ƙananan motoci sun daina hawa. Babur yana zuwa, amma gwiwoyin Umma ba za su ɗauki babur ba. Ba abin damuwa ba ne, in ji Auta, ai ga Akuya.

Shi da Umma sun tafi lafiya har suka kai babbar kwanar nan da hanya ke miƙewa tsaye kamar za ta shiga sama. Nan inji ya fara tari. Ya ja, ya saki, ya ja, ya saki, sai giya ta yi tsalle da kanta ta koma firi, ta daina ja. Mota ta fara silalowa da baya. Auta ya danne birki da duk ƙarfinsa, Umma na salati a gefensa. Ya sake gwadawa, aka maimaita. Dole suka juyo gida.

Umma ba ta ce masa komai ba. Ta dai ajiye jakarta a bakin ƙofar ɗakinta, ba ta kwance ta ba. Duk sanda Auta ya shiga gaishe ta sai ya tsallake jakar nan, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ya shiga yawon gareji. Wani ya ce fulogi ne, aka canza. Wani ya ce kafireta ta toshe, aka wanke. Aka sa sabon famfon mai. Wani ya sauke giyabos gaba ɗaya ya duba haƙoranta, ya mayar. Kowanne in ya gama sai ya tayar da mota a tsaye, ya taka totur har ƙasa, inji ya yi ruri kamar sabo, ya kalli Auta ya ce, "Ka ji ko? Ta warke." Auta ya nufi kwanar shi kaɗai, Akuya ta yi masa tari, ta tofar da giya.

Wata safiya ya dawo ya zauna a tsakar gida, hannu duk baƙin mai, yana kallon 'yarsa Kurciya tana lilo a jikin bishiya. Hadari na taruwa a gabas. In aka sake ruwa mai ƙarfi, ko Akuya mai lafiya ba za ta hau ba.

Matarsa ta ajiye masa ruwan wanke hannu. "Ka je wurin Rediyo mana."

"Ba zan je ba."

"To zauna. Girman kanka zai kai Umma."

Rediyo mijin yayarsa ne. Ƙaton mutum, mai gareji a bayan tashar manyan motoci, wanda bakinsa ba ya hutawa tun daga safe har a rufe shago, shi ya sa sunan ya bi shi. Auta ya taɓa zama a wurinsa koyon aiki, bai daɗe ba ya gudu, ya ce shi ba zai iya wankin noti da kananzir ba. Tun daga nan duk inda suka haɗu sai Rediyo ya tuna masa a gaban mutane.

Auta ya kalli jakar da ke bakin ƙofa. Ya ɗauki makulli.

Ya tarar da Rediyo zaune a kan tsohuwar kujerar mota, kofin shayi a hannu, yana ba wani direban tanka labarin da direban ya riga ya gaji da shi.

"A'a! Jama'a ku tashi tsaye, ga injiniya!" in ji Rediyo. "Ɗalibina na farko da ya gama karatu kafin ya fara. Me ya kawo ka, ko hanya ka ɓata?"

"Yaya, mota ce."

"Na sani. Gari duka ya sani. Ka zagaye kowa, har mai gyaran keke ka je wurinsa, sai da ka rasa sannan ka tuna kana da suruki."

"Umma ce ke son ganin Inna," in ji Auta, murya ƙasa-ƙasa. "Jikin ya yi tsanani."

Rediyo ya ajiye kofin. Bai daina tsokana ba, amma ya miƙe.

"A ina take yi?"

"A babbar kwana."

"A gari fa?"

"Lafiya lau."

"Wace giya?"

"Lamba ɗaya. Ko na sa ƙaramar giya ta hawan dutse, haka take yi."

"Wanne ke fara zuwa, tarin ko fitar giyar?"

Auta ya shiga tuno yadda take yi. Duk garejin da ya je ba wanda ya tambaye shi wannan. "Tarin," ya ce. "Sai giyar ta biyo baya nan take."

"Kullum tare?"

"Kullum."

Auta ya kai hannu zai buɗe bonet, Rediyo ya buge hannun. "Bar shi. Me zan gani a nan? A nan ai lafiyarta ƙalau, kai ka faɗa. Wanda ciwonsa ke tashi a kan tudu, a kan tudu ake duba shi." Ya sa aka ɗora wani mataccen inji a bayan motar don nauyi, ya jefa akwatin sifanu, ya cusa kansa a kujerar gaba har mota ta karkata. "Ni da wancan injin mun kai Umma da jakarta da tsarabarta. Mu je."

A hanya bai bar kunnen Auta ya huta ba. Ya soki yadda yake riƙe sitiyari. Ya soki sababbin kujeru, ya ce kamar na ɗakin amarya. Ya ba da labarin wata tifa da ya gyara da cokali, labarin da Auta ya ji tun yana wankin noti, sai dai a wancan lokacin da wuƙa ce.

Da suka bar kwalta suka fara hawa, sai Rediyo ya sunkuya da ƙyar ya cire takalmansa. Ya janye shimfiɗar robar da ke ƙasa, ya kafa tafin ƙafafunsa a kan tsurar ƙarfe. Ya sa yatsu biyu a gindin sandar giya, a hankali, kamar mai jin bugun jini. Ya rufe ido. Ya yi shiru.

Auta bai taɓa jin shirun mutumin nan ba. Har tsoro ya ba shi.

Kwana ta zo. Auta ya sa lamba ɗaya ya ba ta wuta. Akuya ta yunƙura, ta yi tari, ta ja, ta saki, sandar giya ta yi tsalle.

"Sake," in ji Rediyo, ido a rufe.

Ya sake. Ta maimaita.

"Sake. A hankali wannan karon."

Da ta sake tofar da giyar, Rediyo ya buɗe ido. "Wani abu na buga mini ƙafar hagu daga ƙasa kafin ta yi tarin. Kuma sandar nan ba fita take yi ba, ture ta ake yi. Koma baya zuwa wancan fili, mu sa duwatsu."

Suka tare tayoyi da manyan duwatsu gaba da baya. Sai yanzu Rediyo ya buɗe bonet. Ya tsaya a gefe, ba a gaban motar ba, ƙafa ba takalmi a kan tsakuwa.

"Ja birkin hannu. Taka birki. Sa lamba ɗaya. Yanzu saki kuloci kaɗan-kaɗan kana ba ta wuta, kamar za ka tashi amma kar ka tashi."

Auta ya yi. Bai ga komai ba, bonet ya tare shi. Sai ya ji Rediyo ya fashe da dariya.

"Sauko! Sauko ka ga abin da ka kashe wa fulogi!"

Suka yi musaya. Rediyo ya shiga mazaunin direba, Auta ya tsaya inda ya tsaya. Inji na zaune lafiya, yana kaɗawa a hankali. Rediyo ya fara sakin kuloci. Sai Auta ya ga abin da bai taɓa zato ba: injin gaba ɗaya ya ɗaga gefe guda, kamar mutumin da ke zaune ya ɗaga cinya zai ciro abu a aljihun baya. Da ya ɗaga, tiyon da ke kawo mai ya miƙe ya lanƙwashe a jikin wani ƙarfe har ya shafe. Inji ya yi tari. Rediyo ya taka kuloci, inji ya koma ya zauna daram, tiyo ya buɗe, kamar ba a yi komai ba.

"Ka gani?" Rediyo ya fito yana haki. "Robar da injin ke zaune a kai ta wannan gefen ta tsage biyu. In yana zaune, nauyinsa ya danne tsagar, ko da fitila ka duba lafiya za ka gani. In ka taka totur a firi, ba abin da yake ja, ba zai tashi ba. Sai an ba shi nauyi da tudu. Yana tashi ya shaƙe wa kansa mai. Giyabos kuma a jikinsa take, tare suke karkata, sandar giya ta daki bakin ramin da ta fito, ta fita. Ciwo ɗaya ne, kai kana ta ba shi maganin biyu."

Auta ya ce, "To a sa sabuwar roba."

"A ina? Irin ta wannan tsohuwar sai an aiko daga nesa. Kafin ta iso, wancan ya sauko." Ya nuna hadarin da haɓa. Ya sunkuya ya tura kai cikin injin, yana shafa tsagar da yatsa. Can ya ce, "Tsaya. Wannan tsagar ba ta bana ba ce. Dubi cikinta, ta bushe ta yi fari. Ta yi shekaru. To yaya aka yi tsoho yake hawa da ita?"

Ya ci gaba da lalube. Yatsansa ya tsaya a kan wani ɗan kunnen ƙarfe da aka yi wa walda a jikin shasi, mai huda a tsakiya. Ya bi sama da ido, ya sami wani irinsa a jikin inji, ɗaure da noti. Bakin hudojin biyu ya goge yana sheƙi.

"Wannan ba aikin kamfani ba ne. Waldar hannu ce. Auta, me ke tsakanin nan da nan?"

Auta ya leƙa. Ya daɗe yana kallo.

"Wata sarƙa ce," ya ce. "Gajeriya. Duk ta yi tsatsa, an zura ta a cikin guntun tiyo. Ba ta riƙe komai, lilo kawai take yi. Na ɗauka mantawa ya yi da ita."

"Ka ɗauka." Rediyo ya miƙe ya riƙe ƙugu. "Tana ina?"

"Tana gida."

"A ina a gida?"

"A jikin lilon Kurciya. Reshe ne ke cinye igiya, sai na naɗa sarƙar a reshen na ɗaura igiyar a jikinta."

Rediyo ya zauna a kan dutse ya yi dariya har da hawaye, yana dukan cinya. "Wayyo cikina! Uwa na kuka, 'ya na lilo! Kai, Allah ya jiƙan tsoho. Ya san robar ta mutu, ya san ba zai samu ba, sai ya ɗaure wa akuyarsa ƙafa. In inji na zaune, sarƙa ta saki, ba ruwanta. In ya yunƙura zai tashi, ta ce masa koma. Shi ya sa ka ga kamar ba ta aikin komai." Ya share ido. "Ni da na yi shekaru ina roƙonsa ya bar ni in leƙa cikin motar nan. Ashe abin da yake ɓoyewa ke nan."

Suka sauko gida. Kurciya na kan lilo, ta ga babanta ya jingina tsani a bishiya, ta gane abin da ake shiri, ta ƙanƙame igiya.

"Nawa ne!"

"Ara mini za ki yi," in ji Auta.

"Ba na bayarwa!"

Rediyo ya durƙusa a gabanta, gwiwoyinsa na ƙara. "Uwata, saurara. Wannan sarƙar ta kakanki ce, aro ya ba ki, yanzu Akuya na nema. Ni kuma ina da wata a gareji, doguwa, mai sheƙi, wadda ke ɗaga inji sama. In na sa miki ita, sai kin taɓo ganye da ƙafa."

"Ƙarya kake, Baba Rediyo."

"Ni? Na taɓa yi miki ƙarya?"

"Ka ce ka gyara tifa da cokali."

Matar Auta ta tuntsire da dariya daga madafa. Rediyo ya dafe ƙirji. "Ka ji 'yar gidan nan. To na rantse, gobe kafin ki karya tana nan."

Ta sauka tana turo baki. Auta ya kwance sarƙar ya miƙo. Tsawonta bai wuce daga gwiwar hannu zuwa yatsu ba. Rediyo ya karɓa da hannu biyu yana jujjuya ta.

Umma ta fito bakin ƙofa, ta dafa bango. Ta kalli abin da ke hannunsa.

"Wannan ai ta malam ce," ta ce. "Da zaren ɗinkina ya gwada tsawonta. Ya yanke, ya ce ta yi tsawo, ya sake yankewa. Wuni guda ya yi a kanta, abincinsa ya huce. Na ga ta a bishiya na ce to, ko ta gama aikinta ne."

"Ba ta gama ba, Umma," in ji Rediyo. "Ku shirya."

"A shirye nake tun rannan."

A ƙofar gida Rediyo ya ɗaura ta a jikin inji. Bai ƙara ba, bai rage ba. Noti ya shiga hudar sama, noti ya shiga ta ƙasa, sarƙa ta zauna da ɗan sassauci kamar kaurin yatsa. Rediyo ya taɓa ta ya girgiza kai. "Dubi nan. Da ta fi haka tsauri, duk rawar inji sai ta shigo cikin mota ta kaɗa muku haƙora. Da ta fi haka saki, ba ta hana shi tashi. Tiyon nan kuma don kar ta yi ƙara ne. Mutumin da ko walda ba a koya masa ba." Ya canza tiyon man da ya shafe, ya kauce da shi daga bakin ƙarfen. "Robar zan aika a nemo, kar ka ce na ce ka zauna da sarƙa har abada. Amma yau za ta kai ku."

Aka sauke mataccen injin, aka ɗora jakar Umma. Rediyo ya ce shi ma zai je, ba don komai ba sai don kar a ce injiniya ya kai su shi kaɗai. Ya koma baya ya bar wa Umma gaba.

Iska ta fara kaɗawa lokacin da suka bar kwalta. Umma na riƙe da madafin ƙofa, leɓɓanta na motsi. Auta ya hango kwanar. A madubi ya ga Rediyo ya sunkuya yana cire takalmi.

Auta ya sa ƙaramar giya. Ya sa lamba ɗaya. Ya ba ta wuta.

Akuya ta yunƙura. Daga can ƙarƙashin bonet aka ji ƙas, sau ɗaya, ƙaramar ƙara kamar an ajiye cokali a faranti. Auta ya san ƙarar nan. Tun yana yaro a gefen mahaifinsa yake jin ta a daidai wannan kwanar, bai taɓa tambayar ko mece ce ba. Inji bai yi tari ba. Sandar giya ta yi rawa a wurinta ta tsaya. Tayoyi suka kama dutse, suka tura shi baya, kwana ta wuce ta ƙarƙashinsu, gari ya koma ƙasa can kamar an zubar da ashana.

Can hanya ta kwanta. Sannan Rediyo ya ja dogon numfashi ya ce, "To, kamar yadda nake gaya maka, ita wannan tifar..."

"Don Allah ɗan nan ka bar mu mu ji da ranmu," in ji Umma, tana dariya tana share ido da gefen mayafi.

Ɗigon farko ya faɗo a gilashi daidai lokacin da suka tsaya a ƙofar gidan Inna. Auta ya zagayo ya sauko da Umma, ya riƙe ta har cikin ɗaki. Inna na kwance a kan gado kusa da taga, ta rame har ba ta cika bargon ba, amma idonta a buɗe yake, yana kan ƙofa.

"Tun daga kwana na ji kukan Akuya," ta ce, murya kamar zare. "Na ce musu ga ta nan, suka ce mafarki nake. Sai yanzu, 'yar nema?"

"Sai yanzu, Yaya."

"Matso in gan ki. Kin tsufa."

Umma ta zauna a bakin gadon ta kama hannunta. Auta ya ajiye jakar a gefe, ya ga Umma ta miƙa ɗaya hannun ta fara kwance ta. Ya fito.

Ruwa ya sauko sosai. Rediyo na tsaye a ƙarƙashin rumfa, ƙafa ba takalmi, ya riga ya tara mutanen gidan yana ba su labari, yana nuna tsawon sarƙar da hannu. Auta ya lura har ta fara yin tsawo. Ya wuce su ya shiga ruwan, ya je ya ɗaga gilasan Akuya don kar kujerun su jiƙe.